Ruwan Wankan Baƙin Tanimu

Duk lokacin bikin kamun kifi, Tanimu yakan ba masu zuwa hutu hayar gidansa a Argungu, shi da matarsa su koma su raɓe a zauren surukinsa. Bana ana watsewa, jami'in haraji ya aika a kira shi.

"An ce ka samu kuɗi da baƙi. Za ka biya haraji a kan duka."

"Ranka ya daɗe, a fara cire abin da na kashe mana. Na sayi ruwa, na sayi man janareta."

Jami'in ya kishingiɗa. "To, kawo mini ruwan da suka yi wanka da shi, da man da suka ƙona. Abin da idona bai gani ba, ba ya shiga lissafi. In ka ƙi biya, a rufe gidan."

 Tanimu ya sosa ƙeya.

"Yallaɓai, kaina ba ya ja. Ni da na bar wa baƙo katifata na kwana a tabarmar suruki, ina na ga wayo? Maimaita mini."

Jami'in ya maimaita da ƙarfi, duk ma'aikata suna ji.

"Madalla. To kuɗin hayar fa, ka gan su da idonka?"

Jami'in ya ce, "A'a."

"Wallahi ni ma ban gama ganinsu ba mai gyaran famfo ya wuce da su."

Ofis ya kwashe da dariya. Jami'in ya goge goshi, ya ce a cire masa duk abin da ya kashe. Harajin da Tanimu ya biya bai kai kuɗin acaɓarsa na komawa gida ba.