Ranar da Coci Ta Koma Baranda

Akwai wani shugaban mawaƙa a wata ƙaramar coci, ana yi masa laƙabi da Sarkin Waƙa. Gwani ne, ba ƙarya, amma fa akwai shi da mita. Murya ɗaya ta kauce, sai ya haɗe rai kamar an aiko masa da saƙon mutuwa.

Burinsa ɗaya ne, a ɗauki ƙungiyarsa a bidiyo lokacin sujada, ya aika gasar waƙa ta coci-coci. Ranar rufe gasar ta matso, shi kuwa bai samu ɗauka mai kyau ko ɗaya ba.

Damuwarsa Baba Kafinta ne. Tsohon ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ƙwace masa. Kowace Lahadi matarsa takan turo shi a keken guragu har gaban benci na farko. Da an ta da waƙa sai ya buɗe baki iya ƙarfinsa: "Aaa! Aaa!" Ba kalma, ba kari, yawu na zuba, matar na goge masa.

Duk bidiyon da aka ɗauka, muryar Baba ce a sama. Abin duniya ya ishi Sarkin Waƙa.

Ya ce wa matarsa, "Wai wannan wace irin jaraba ce? Mu sha wahalar koyo, mutum ɗaya ya watsa mana ƙasa a ido!"

Ta ce, "Haba, Baban yara, yabo fa yake yi."

"Yabo? Wannan ihu ne!"

Bai shawarci kowa ba, ya je ya sami matar Baba. "Mama, don Allah Lahadin nan ku zauna a baranda. Can ma ta fi iska."

Ta dube shi ta ce, "To, ɗana. Mun ji."

Ranar Lahadi mai ɗaukar bidiyo ya kafa na'urarsa. Waƙa ta tashi tsaf, Sarkin Waƙa har da murmushi.

Can sai shugabar zumuntar mata ta lura wurin Baba wayam. Ta leƙa taga, ta hango tsofaffin biyu a waje su kaɗai. Ta ɗauki kujerarta ta fita. Wata ta bi ta, wata ma ta bi. Sai samari suka fara jan benci, ƙiiii! An gudu ba a tsira ba.

Sarkin Waƙa ya cika fam. "Ina za ku? Ana ɗauka fa! Jama'a, ana ɗauka!"

Ko waiwaye ba wanda ya yi. Mawaƙan ma suka zame ɗaya bayan ɗaya, matarsa a gaba. Da ya ga Fasto ya ɗauki Littafi Mai Tsarki ya nufi ƙofa, sai ya sha gabansa.

"Fasto, har da kai?"

"Ɗan'uwa, ikilisiya aka ba ni in yi wa hidima, ga ta can a baranda. Me zan tsaya yi a nan?"

Ya rage daga shi sai mai bidiyo, wanda ya tambaya a hankali, "In ci gaba?" Sarkin Waƙa ya ɗaga masa hannu alamar ya kashe. Gasa dai ta wuce shi, ya sani, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya fito, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yana jiran a wanke shi tas. Sai matar Baba ta matsa, ta buga gefen benci da tafin hannunta.

"Zo nan, ɗana. Mun manta farkon baiti na biyu, ka ta da mana."

Ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Baba Kafinta ne ya ta da waƙar da "Aaa! Aaa!" ɗinsa.

Darasi: Coci ta gaskiya ba kyan gini ko daɗin murya ba ce, mutane ne da ba sa yarda a bar mai rauninsu a waje. Kafin ka gyara tsarin sujada, duba wanda tsarin naka ya kora. Tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.