Dankalin Galadima Jatau

A zamanin da, a wata ƙasa da fari ya hana gero kai, Sarki ya aiki Galadima Jatau kudu ya nemo wa talakawa abin da za su ci. Ɗan aike ya riga shi isowa da albishir, cewa ga Galadima nan tafe da wani abu mai suna dankali a burgaminsa. Amma Galadima bai iso ba. Waziri Tanimu, wanda ya daɗe yana ƙyashin yadda Sarki ke ji da shi, ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ya ci amana, ya tsere da raƙuman fada."

Alhali kuwa Galadima na kwance a ƙarƙashin ƙasa a ƙuryar gidan Waziri, da rigarsa da burgaminsa. Gaggawa ta hana a raba shi da su.

Da ruwan farko ya sauka, wani tsiro ya fito a daidai wurin, ya shiga yaɗo. Kowace safiya sai ya buɗe furanni masu bakin kakaki, kafin azahar su yanƙwane. Waziri ya tsinke reshe ɗaya, farin ruwa ya ɗigo masa a hannu, ya bushe ya yi baƙi. Tsoro ya kama shi. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba, ya sassare yaɗon gunduwa-gunduwa, ya watsa bayan katanga. Bawan Allah bai san duk guntun da ya taɓa danshi saiwa yake yi ba. Furen ya riƙa tare shi a bakin rijiya, a hanyar masallaci, har ƙofar fada. Abinci ya daina shiga masa, rawani ya yi masa yawa.

Da kaka mutane suka tono 'ya'yan, suka dafa, suka kawo wa Sarki. Ya daɗe yana jujjuya ɗaya a hannu, domin ɗan aiken nan ya faɗa masa iska ba ta kawo dankali, sai hannu ya binne shi. Sai ya sa aka yi shela: gidan da shukar ta fara fitowa, akwai doki da alkyabba.

Maƙwabtan Waziri suka taso da murnarsu. "Ranka ya daɗe, daga katangar Waziri aka jefo mana."

Sarki ya ce, "Waziri, ashe kai ka ciyar da talakawana, ka yi shiru? Mu je mu ga uwar shukar."

"Allah ya ja zamaninka, ciyawa ce kawai."

"To, a tona ciyawar."

Aka tona. Dankali ya fito manya-manya, sannan ruɓaɓɓen burgami, sannan zoben da Sarki ya sa wa Galadima da hannunsa. Sarki ya yi kuka a gaban jama'a, ya sa aka yi wa amininsa sutura, aka wanke sunansa a kasuwa.

Da hantsi aka miƙa Waziri ga Hauni, mai sare kan masu laifi. Duk hanyar da aka bi da shi furannin nan a buɗe suke, dama da hagu. Ranar bai ga yanƙwanewarsu ba.