Manomin da Ya Matse Noti

An yi wani manomi a wani ƙauye na gindin dutse, mai gandu babba da wata tsohuwar mota a-kori-kura da yake kai amfanin gona kasuwa da ita. Mutumin kirki ne, wannan kam ba a ja. Ba ya sha, ba ya cin haƙƙin kowa, ran Lahadi kuwa kafin a kaɗa ƙararrawa yana zaune a bencinsa na coci. Sai dai yana da hali guda: duk abin da ya kama sai ya matse shi. In ya ɗaure bakin buhu, sai da wuƙa ake kwancewa. In ya rufe murfin galan, sai matarsa Briskila ta nemi taimakon maƙwabta. Akuyarsa ma, igiyarta ta fi ta kowa gajarta a garin.

Haka ya riƙe ɗansa Istifanus. Saurayi ya isa aure, gemu ya fito, amma uban bai taɓa yanka masa gayauna ba, wato 'yar gonar da uba kan ba ɗansa ya noma wa kansa in an tashi daga aikin gandu. Istifanus ya taɓa roƙo, uban ya ce sai ya ƙara hankali tukuna. Bai sake roƙo ba. Ba ya gardama, ba ya ɗaga murya, kome aka ce masa sai ya ce, "To, Baba." Uban kuwa har alfahari yake yi a gari, wai ɗansa bai taɓa mayar masa da magana ba.

Bayan girbi sai aka wayi gari ɗakin Istifanus ba kowa. Daga baya ya aiko wa uwarsa cewa yana birni, ran kasuwa mai zuwa da tsakar rana zai hau motar Kudu neman aiki, kuma ba ya jin zai dawo. Ran manomin ya ɓaci ƙwarai, gama yana ƙaunar yaron, ko da yake bai taɓa faɗa masa ba. Ya ce da kansa zai je tasha ya komo da shi gida, ko yana so ko ba ya so.

To, ita a-kori-kurar tasa ta jima tana wani gurnani daga gaba. In tana tafiya a hankali, sai a ji ƙasa-ƙasa. In an taka ta, sai kukan ya cika kunne. Saboda haka ana gobe kasuwa ya kai ta garejin Barnaba makaniki, wanda taubashinsa ne, ba su haɗuwa sai sun tsokani juna. Barnaba ya shiga suka ɗan zaga. Da suka karya kwana hagu kukan ya ƙaru, da suka karya dama ya lafa, sai ya ce ciwon yana tayar dama, domin ita nauyi ke dannewa in an juya hagu. Ya ɗaga motar da jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta yi ƙwas-ƙwas. Ya juya ta da hannu, aka ji kamar ana niƙa tsakuwa. Ya ce boris ne ya mutu, wato zoben nan mai 'yan ƙarafa da ke cibiyar taya, wanda take juyawa a kansa.

Da ya kwance, ga giris ya bushe ya yi baƙi, ƙarafan duk sun cinye. Ya fitar da tsohon boris da mazauninsa, ya wanke wurin tas, ya cusa wa sabo giris da tafin hannu har ya fito ta ɗaya gefen, ya mayar da kome inda yake. Sa'an nan ya ɗauki sufana ya ɗaure notin da ke riƙe boris, yana ɗaurewa yana juya tayar. Da ya ɗauru tam, sai ya ɗan komar da shi baya kaɗan, ya sa ƙarfen da ke tokare shi.

Manomin yana tsaye a kansa, ya ce, "Kai, rago, ya ka ɗaure kuma ka kwance?"

Barnaba ya yi dariya ya ce, "Wannan ba bakin buhu ba ne, bawana. Ƙarfe in ya yi zafi kumbura yake yi. In ba ka bar masa wuri ba, ina zai sa kansa?"

Abin bai kwanta wa manomin ba. Shi a duniyarsa bai taɓa ganin abin da sassauci ya gyara ba. Washegari da sassafe, kafin Briskila ta gama shiri, ya ɗauko nasa sufanan, ya buɗe cibiyar tayar, ya zare ƙarfen tokarar, ya matse notin nan iyakar ƙarfinsa, har da taka sufana da ƙafa. Ya girgiza taya, ko motsi ba ta yi. Ya ce yauwa, yanzu aka yi aiki.

Suka kama hanya. Mota shiru, ba gurnani, ba kome. Yana ta murna yana ce wa matarsa ta saurara ta ji yadda ake gyara. Sun ci fiye da rabin hanya sai suka fara jin ƙauri. Motar ta soma jan dama, hayaƙi ya taso, tayar ta cije ta ƙi juyawa, da ƙyar ya gangara da ita gefen titi. Ya sauko a ruɗe ya kai hannu kan cibiyar tayar, nan take tafin ya ƙone. Sabon boris na jiya ya ƙone ƙurmus, giris ya narke ya tsiyaye ƙasa. Rana kuwa ta riga ta yi sama.

Briskila ta kwance kallabinta tana naɗe masa hannu. Shi kuma yana ta maimaitawa cewa abin ya ba shi mamaki, tsohon boris ya yi ta kuka wata da watanni bai tsayar da su ba, wannan kuwa ko ƙara bai yi ba. Ta ƙulle kallabin a hankali, ta ce, "Maigida, Istifanus ma bai yi ƙara ba."

Maganar ta shige shi fiye da ƙunar. Ya tsaya yana duban hayaƙin, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Sai ya miƙa mata mabuɗin motar, abin da bai taɓa ba kowa ba, ya tare ɗan acaɓa ya hau.

Ya isa tasha ana ɗaure kaya a kan motar Kudu. Ga Istifanus a zaune ta bakin taga. Duk faɗan da uban ya tanada tun daga gida ya neme shi ya rasa. Ɗan ya dubi kallabin uwarsa a hannun ubansa, ya tambayi abin da ya same shi.

Uban ya ce, "Noti na matse." Ya ƙara da cewa, "Gonar bakin rafi taka ce. In ka sauko, taka ce tun yau. In ka tafi, tana nan tana jiranka. Ban zo in ja ka ba."

Istifanus ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba zan sauko ba. Na riga na yi wa mutum alkawarin aiki."

Tun da aka haife shi bai taɓa ce wa ubansa a'a ba sai ran nan. Hannun manomin ya yi ƙaiƙayi ya finciko ƙofar, amma ya mayar da shi bayansa, ya sa wa ɗansa albarka, ya tsaya har motar ta fita daga tasha. Daga baya Barnaba ya je ya sake sa wani boris, bai kuwa raga wa manomin da tsiya ba, kuma a wannan karo manomin da hannunsa ya komar da notin baya. Ya hana kowa taɓa gonar bakin rafi. Da aka yi ruwan fari ya bi ta wurin da safe, sai ya hangi hayaƙin sharar gona, ga mutum a duƙe yana sassabe. Istifanus ne.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Boris shi ne mutumin da Ubangiji ya sa a hannunka, ko ɗa, ko mata, ko matasan ikkilisiya in kai dattijo ne. Noti kuwa ikon da aka ba ka a kansa ne. Kada wani ya fita daga nan ya ce an koya masa ya jefar da noti; tayar da ba a ɗaure ba ficewa take yi, ta kashe mutane. A ɗaure, a tsawata, a koyar. Amma wanda ka ɗaure mai rai ne, girma yake yi, zafin rayuwa kuma yana kumbura shi. Ubangiji da kansa yana riƙe da mu, duk da haka ya bar mana wurin da za mu ce masa i da bakinmu, har da wurin da za mu ce a'a mu dawo da tuba. Kai da ba ka halicci kowa ba, don me za ka fi shi matsewa?

Da yawa a cikinmu muna tsoron ɗan da ke gunaguni, muna yabon wanda ba ya cewa kome. Mai gunaguni ai ya gaya maka inda ke masa ciwo. Shirun nan da kuke jin daɗinsa a gida, wani lokaci salama ce, wani lokaci kuwa ƙonewa ake yi. In kun koma gida yau, ku nemi wanda kullum amsarsa "to" ce, ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi abin da yake so, sa'an nan ku yi shiru har ya faɗa. Manomin nan ya tarar da motar Kudu ba ta tashi ba. Ba kowane uba ne yake tarar da ita ba.