Dariya a Bayan Amawali

Tun da aka kafa Kwarin Tsamiya ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamar ni ba. Ni Ɗanbarau, ɗan kaman da ke sa mai ciwon haƙori ƙyaƙyatawa, ina tsakiyar wasa a ƙofar fada sai Hakimi ya katse ni.

"Wasanka lami ne. Ka sa ni dariya yanzu, ko ka daina wasa a ƙasata."

Kowa kuwa ya san hakimi ba ya dariya gaban talakawa. Na durƙusa.

"Godiya nake, ranka ya daɗe. Ai ga shi kana yi."

"Ƙarya kake!"

"Amawali ya rufe bakinka, ranka ya daɗe. A sauke, jama'a su shaida."

Ya kai hannu ke nan, dogarai suka baza riguna suka kare shi, yadda suka saba in zai taɓa rawani.

Na ce, "Dogarai, me kuke ɓoyewa in ba dariya ba?"

Daga bayan riguna muka ji ta kufce masa, har da tari.

"Ci gaba da wasanka, ja'iri!"

Gaskiya dai tafiyarsa nake kwaikwayo lokacin da ya katse ni. Amma wallahi na fi shi iya ta.