Murhun Tabawa Mai Dutse Ɗaya

An yi wani dagaci, Maiwada, wanda tumbi ya hana shi sunkuyawa. Ya ji an ce nama kaɗai ke gina jiki, sai ya kira Tabawa, wadda ta shekara talatin tana dafa masa abinci.

"Daga yau nama zalla, ba hatsi, ba mai. Tumbin nan ya faɗa, ƙarfina ya dawo. In na ji kasala, kin bar gidan nan."

Ta durƙusa ta ce, "An gama, ranka ya daɗe," alhali ta san kasalar ba za ta kwana uku ba ta iso ba.

Azahar ta wuce babu abinci. Dagaci ya shiga madafa da kansa, ya tarar tana fama da tukunya a kan dutse ɗaya.

"Ina sauran duwatsun murhun?"

"Na cire su. Wannan ya fi su ƙarfi, shi kaɗai ya isa."

"Ke Tabawa, a ina tukunya ta taɓa zama a kan dutse ɗaya? Mayar da su."

"Hukuncinka ke nan, ranka ya daɗe?"

"Shi ke nan."

Ta kawo masa malmalar tuwo ɗaya, tsoka biyu, da cokalin man shanu a miya. "Ga duwatsunka uku."

Ya yi dariya. "To, ƙaro tuwo."

"Ranka ya daɗe, in dutse ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo, tukunya karkacewa take yi."

Ta saci kallon tumbinsa. Dagaci ya ja riga ya rufe, ya ci abin da aka ba shi.