Tumaki Masu Tsagaggen Kunne

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da fatake ke tafiya a ƙasa, sunansa Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba. Da ciwon ajali ya kama amininsa Jatau, sai ya kira shi gaban liman ya ce, "Ga tumakina shida, na 'yata Lantana ne. Ka riƙe mata har ta yi hankali."

Jatau ya cika. Uwar yarinya ta fita takaba, ta goya 'yarta ta koma danginta can gabas. Shiru kake ji.

To, ku saurara. Nomau ya ɗauki aska ya tsaga kunnen hagu na kowace tunkiya, don kada su cakuɗa da nasa. Wadda ta haihu, ɗan ma a tsaga. Kuma bai bar dukiyar kwance ba: rago ya ƙosa, ya sayar, ya sayo tumaki mata biyu. Shari'a ta yarda ya ci gwargwadon wahalarsa, amma shi taki kaɗai yake kwasa ya kai gona.

Ƙanensa ya zo, wai a sayar da goma a zuba a fataucin goro, riba ninki. Nomau ya ce dukiyar marainiya ba ta bin hanyar da 'yan fashi ke tarewa. Ƙanen ya daina gaishe shi. Aka yi shekarar yunwa, tumakin Nomau na kansa suka ƙare sai ɗaya. Maƙwabta suka zo rance, ya ce ba nasa ba ne. Suka ce wace marainiya, wadda ko tana raye ba a sani ba? Rowa ce dai. Aka daina gayyatarsa suna, aka daina gayyatarsa biki. Matarsa ta rasu, ga shi bai taɓa haihuwa ba.

Jama'a, kaɗaici ba daɗi. Ya zauna bakin garke yana hira da tumaki. Duk ayarin da ya nufi gabas sai ya tare shi ya ba da saƙo. Ba amsa.

Wata safiya a daji, tunkiyarsa ta ƙarshe da wata ta marainiya suka haihu tare. Ɗa ɗaya ya rayu, duka biyun suna lasarsa. Na wa ne? Ba mai ganinsa sai Allah. Nomau ya daɗe a tsaye, sannan ya zaro aska ya tsaga.

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Jatau, Nomau ya bi shi. Ƙanen ya iso da igiyoyi, wai gado. Liman, tsoho tukuf, ya ce a duba kunne. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen garke, babu ko ɗaya mai lafiyayyen kunne, don tunkiyar Nomau ta ƙarshe tuni ta mutu. Likkafani ma liman ne ya saya.

Ashe saƙo ɗaya ya isa gabas. Bayan wata biyu Lantana ta shigo garin da goyo a baya, aka damƙa mata garke. Ta shafa kunnen wata tunkiya, ta fashe da kuka. Ta ce, "Ko fuskar Nomau ban sani ba."

'Yan'uwa, wannan ita ce amana: ka ware ta, ka raya ta, kada ka yi caca da ita, ko da gari duka zai juya maka baya. Kai da gonar 'ya'yan yayanka ke hannunka, ke da aka bar wa zinaren marainiya ajiya, in yau aka kira ku, aka shiga garkenku, da wace alama za a gane nasu?