Malamin da Ya Zaga

Ku gyara zama, wannan sai kun yi musu a kansa kafin kowa ya tashi.

Can ƙarshen hanya, inda mota ke juyawa ta koma, akwai makarantar firamare ta Kwarin Zomo. Malamanta uku, duk na wucin gadi, kowa na jiran a tabbatar masa da aiki. Baƙuwar cikinsu ita ce Malama Tasalla. Daga nesa aka turo ta, ta kama ɗaki a bayan makaranta, ba abokin hira sai rediyo.

Ta tarar da Malam Ilu, dattijo, yana riƙe da azuzuwa shida shi kaɗai. Ya rubuta a wannan allo, ya ruga wancan, alli har a gemu. Ba don shi ba da tuni awaki sun gaje wurin. Sai dai duk ranar da mai duba makarantu ya tambayi ina na ukunsu, Malam Nuhu, Ilu kan gyara hula, ya sassauta murya kamar sabon ango: "Ranka ya daɗe, ya ɗan zaga." To wa zai bi babban mutum bayan gida? Sai baƙo ya ce Allah ya ba da sauƙi, ya hau babur.

Nuhu kuwa yana birni, allo bai san hannunsa ba. Amma da guguwa ta yaye rufi, aka ce a rufe makarantar, yara su riƙa tsallake rafi zuwa garin gaba, shi ya yi ta zaman benci daga ofis zuwa ofis, yana murza hannu yana "Yallaɓai, 'ya'yanmu ne fa," har aka fasa, aka aiko da kwanon rufi. Ba don shi ba da babu makarantar.

Tasalla ta lura 'yan aji shida ba sa iya haɗa baƙi, don mutum ɗaya ba ya rabuwa shida. Abin ya tsaya mata a rai. Ranar da mai dubawa ya dawo, Ilu ya fara gyara hula, sai ta riga shi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, tun zuwana garin nan Malam Nuhu bai dawo daga zagawar ba."

Mutumin ya sauka daga babur, ya zauna a aji, ya ji karatun yaran da kunnensa. Aka turo ƙarin malamai, yara suka fara karatu na gaske. Ba don ita ba da har yau ana zagawa.

Ita kuwa daga ranar kwanon tuwon da maƙwabta ke aiko mata ya daina zuwa. A bakin rijiya mata kan amsa gaisuwarta da hanci, wai ta tona asirin dattijo da na wanda ya samo wa makarantarsu rufi. Ilu kan gaishe ta, amma idonsa a ƙasa. Da yamma takan zauna a ƙofar ɗaki, tana jin yaran da ta koya wa karatu suna kwaikwayon muryarta a bayan katanga.

Ana haka hukuma ta ce gurbi ɗaya tak ya samu. Cikin su ukun nan mutum ɗaya za a tabbatar, sauran biyun su nemi wani abin yi. Ɗaya ya koyar amma ya rufa ƙarya, ɗaya ya ceci ginin amma bai shiga aji ba, ɗaya ta faɗi gaskiya ta rasa gari.

To, in ku ne, wa za ku bar wa allin?